Tsagogin da ke ƙarƙashin Ngaundare da Garwa da Njamena: wacce ta mutu, wacce ke barci?

A shekarar 1987 ƙasa ta motsa a yankin Tibati, cikin Adamawan Kamaru, na'urori suka auna ƙarfin girgizar a maki 4.8. Ba ta kai ta shiga jerin bala'o'in duniya ba, yau ma in ka tare matasa goma a kasuwar Ngaundare da wuya ka samu ɗaya da ya taɓa jin labarinta. Masana duwatsu ne ba su manta ba, don ta faɗo ne a kan wani layi da suka daɗe da zanawa a taswira: doguwar tsagar nan ta cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa da ta taso daga wajen Fumban, ta bi ta Tibati, ta keta tudun Adamawa, ta shiga Afirka ta Tsakiya da kudancin Cadi har cikin Sudan. Shekarunta a duniya sun kai miliyan 600. A ce abu mai irin wannan tsufa har yanzu yana iya motsawa, shi ya sa malaman jami'a da ɗalibansu ke yawo da guduma da kamfas a dazukan arewacin Kamaru.

Tun bayan girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka mutum fiye da 50,000, da ta Maroko a Satumban shekarar, tambaya ɗaya ke yawo a majalisu daga Marwa har Kusiri: mu ma za ta iya samun mu? Amsa iri biyu ake ji. Wasu su ce ai nan ba ƙasar girgiza ba ce, kaka da kakanni ba a taɓa gani ba. Wasu kuma su turo maka saƙon WhatsApp wai wani bature ya duba taurari ya ce ranar kaza ƙasa za ta dare. Wannan ta biyun ba ta buƙatar dogon zance. Babu masani ko na'urar da ke iya faɗin rana da wurin da girgizar ƙasa za ta auku, jeruwar taurari kuma ba ruwanta da lamarin. A Janairun 2010 irin wannan jita-jita ta kwanar da dubban mutane a waje a ƙasar Gana, gari ya waye lafiya lau. Ta farkon, maganar dattawa, ita ce ke da ƙamshin gaskiya, ita ce kuma ta fi wuyar warwarewa.

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Manyan faya-fayan dutse ne, kowanne yana tafiya a hankali, 'yan santimita a shekara, kuma akasarin girgizar ƙasa a bakin faya-fayan take aukuwa, inda wannan ke gogar wancan ko yake nutsewa ƙarƙashinsa. A irin wannan baki Turkiyya take, haka Japan da Indunisiya. Mu kuwa muna zaune a cikin cikin faifan Afirka. Bakinsa na yamma yana can tsakiyar tekun Atlantika, na arewa yana Bahar Rum, wurin da nahiyar ke darewa kuma yana can gabas, ta Habasha da Kenya. Na'urorin GPS da aka kafa a sassan wannan faifai sun nuna cewa cikinsa ba ya lanƙwasa da ya kai ko milimita ɗaya a shekara. Dattawa ba su yi ƙarya ba ke nan.

Sai dai cikin faifan ba lafiyayyen dutse ba ne, ya sha rauni. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce tsofaffin dunƙulen ƙasa na Kwango da Afirka ta Yamma da Sahara suka yi karo, duwatsu suka tashi, sassan ƙasa suka goga da juna ta gefe, aka samu dogayen tsagogi irin ta Fumban da wadda ta haɗa Collire da Banyo. Ruwa da iska sun cinye waɗancan duwatsu, saiwarsu ce muke gani yau a tsaunukan Mandara da kewayen Gidar da Poli. Can daga baya, tsakanin shekara miliyan 130 zuwa 100 da suka wuce, Afirka ta rabu da Kudancin Amurka. Tsagar Fumban ma gida biyu ta rabu, ragowarta tana can Pernambuko a arewa maso gabashin Barazil. Darewar ta so ta kutsa cikin nahiya ta kwarin Binuwai, reshenta ɗaya ya bi ta Yola ya iso Garwa, sai ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Ramukan da ta bari suka cika da yashi da laka, suka daskare suka zama dutsen yashin da Garwa ke zaune a kai. A ɗaya daga irin waɗannan kwaruruka, a Mayo Rai, har sawun dainaso aka tarar a jikin dutse. A kudancin Cadi kuwa motsin tsohuwar tsagar ne ya buɗe kwarin Doba da Doseyo da Salamat da Bongor. Man da aka fara turawa a bututu daga Doba zuwa Kiribi a 2003, tafiyar kilomita 1,070, da wanda ake tacewa a Jarmaya kusa da Njamena tun 2011, duk a cikin waɗannan ramuka suka taru. Arzikin man Cadi kyautar tsagogin ne.

Wanda ya san aikin gyartai ya san ƙwaryar da aka ɗinke tana iya shekara da shekaru ana dama fura a cikinta, amma ranar da aka danne ta, ta wurin ɗinkin za ta buɗe. Haka tsofaffin tsagogi suke. Matsin da ke danne su yana zuwa daga nesa, daga tsakiyar Atlantika inda sabon dutse ke fitowa yana tura faifan, yana kuma zuwa daga ƙasa, inda zafi ya ɗaga tudun Adamawa sama da kusan kilomita guda.

Wannan ɗagawa ba sai da na'ura ake ganinta ba. Duk wanda ya hau mota daga Ngaundare zuwa Garwa ya san gangaren da ake sauka kafin Mbe, inda direbobin tirela ke sa ƙaramin giya, warin birki ya cika hanya, fasinja su yi tsit ana salati. Ka bar Ngaundare da rigar sanyi a tsayin mita 1,100 da 'yan kai, kunnenka ya toshe a kan kwanoni, kafin ka isa Garwa da ke ƙasa da mita 300 gumi ya jiƙa ka. Wannan gangare shi ne bakin tudun ta arewa, masana kuma suna danganta shi da tsagogin da tudun ya ɗago ta kansu. Ta kudu akwai kwarin Mbere da na Jerem, su ma tsagogi ne suka shata su. A saman tudun ga tafkin Tizon da na Mbalang, waɗanda bakin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne da ruwa ya cika, ga kuma maɓuɓɓugan ruwan kanwa, lahore, inda makiyaya ke kai shanu sha tun zamanin da. Ruwan yana fitowa ne daga zurfi ta hanyoyin da tsagewar dutse ta buɗe masa.

Duk wannan yanki ne na abin da ake kira Layin Kamaru, jerin duwatsu masu aman wuta na tsawon kimanin kilomita 1,600, daga tsibiran Annobon da Sawo Tome da Biyoko a cikin teku, ta Dutsen Kamaru, har Adamawa da Biu da tsaunukan Kafsiki. Ƙarshensa na kudu ne ke da rai sosai: Dutsen Kamaru ya yi amai a 1982 da 1999 da 2000, tafkin Nyos kuma ya saki iskar da ta shaƙe mutum fiye da 1,700 a daren 21 ga Agustan 1986. Dogayen duwatsun Rumsiki da masu yawon buɗe ido ke ɗauka hoto kuwa wutarsu ta mutu tun wajen shekara miliyan 30. Tafkin Tizon da na Mbalang ma ba su kai rabin zurfin Nyos ba, wanda ya haura mita 200, zurfin nan kuwa shi ne ya ba shi damar tara iskar a gindinsa. Cadi tana da nata duwatsun a Tibesti, Emi Kusi mai tsayin mita 3,415 da Tuside da filin Soborom inda ƙasa ke fitar da tururi da tafasasshiyar laka, amma wannan can ƙuryar Sahara ne, nesa da manyan garuruwa.

Daga 2005 zuwa 2007 wasu jami'o'in Amurka, tare da cibiyar binciken duwatsu da ma'adinai ta Kamaru, IRGM, da Jami'ar Yawunde ta ɗaya, suka baza na'urorin sauraren girgiza 32 a faɗin ƙasar. Dabarar ita ce a saurari girgizar da ke aukuwa a wasu nahiyoyi, a ga yadda igiyarta ke sauya gudu in ta ratso ƙarƙashinmu, daga nan a lissafa kaurin ɓawon ƙasa. A kudu, kan tsohon dunƙulen Kwango, kaurin ya kai kilomita 43 zuwa 48. A ƙarƙashin Layin Kamaru 35 zuwa 39. A kwarin Garwa kuwa 26 zuwa 31 kacal. Tabon darewar da ba ta ƙarasa ba yana nan ke nan, ɓawon ya miƙe ya yi siriri. Da aikin ya ƙare aka kwashe na'urorin.

To a nan gizo ke saƙar. Samuwar tsaga daban, kasancewarta da rai daban, kuma a tsakanin biyun nan ne jama'a ke ruɗewa, har da wasu masu bincike. A ƙa'idar da aka fi bi, ba a cewa tsaga tana da rai sai an nuna ta motsa cikin shekara 10,000 zuwa 12,000 da suka wuce. In madatsar ruwa za a gina, akan ja lissafin baya fiye da haka. Tsagar da ta yanka dutsen da ya shekara miliyan 600 ba ta gaya maka komai game da gobe ba. Wadda ta yanka yashin da kogi ya zuba shekara 3,000 da suka wuce, ita ce abin tsoro.

Gano hakan aikin ƙasa ne, na zahiri. Mai bincike zai fara da hoton tauraron ɗan'adam, ya nemi inda mayo ya karya kwana ba dalili, ko inda tsohuwar gaɓar kogi ta fi takwararta ta ƙetare tsayi, ko wani ɗan tudu miƙaƙƙe da ya ratsa fili. In ya samu wurin da yake zargi sai a haƙa rami a gicciye, zurfin mita biyu ko uku, a kankare bangonsa ya yi sumul, a ɗaura zare murabba'i murabba'i, a zana kowane shimfiɗin ƙasa a takarda. Abin nema shi ne wurin da shimfiɗin laka ya yanke ya koma sama ko ƙasa, da kuma shimfiɗin farko da ya rufe yankewar bai karye ba. Sai a tsinci gawayi ko ɓawon katantanwa daga ƙasa da saman wurin, a kai ɗakin gwaji a auna shekarunsu. Girgizar ta auku ne tsakanin shekarun biyu. In rami ɗaya ya nuna yankewa biyu ko uku, an samu kimanin tazarar da tsagar ke ɗauka kafin ta sake motsawa.

Wannan tazara ita ce ke rushe hujjar kaka da kakanni. Tsagar gabashin Turkiyya da ta motsa a 2023 tana tara kusan santimita ɗaya a shekara, wato mita guda cikin shekara 100. Tsagar da ke tara kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara sai ta yi shekara 10,000 kafin ta tara mitar nan guda. Masarautun Adamawa da muka sani a ƙarni na 19 aka kafa su, Jamusawa sun iso Garwa a 1901, na'urorin auna girgiza kuma ba su bazu a duniya sosai ba sai a shekarun 1960. Shirun shekara ɗari biyu ba ya wanke tsagar da ke barcin shekara dubu goma. Mutanen Gawal a arewa maso yammacin Gini ma ba su san girgiza ba, sai ranar 22 ga Disamban 1983 wata mai maki 6 da 'yan kai ta kashe ɗaruruwansu. Latur a tsakiyar Indiya tana cikin yankin da taswira ta nuna ba shi da haɗari sosai, a 1993 girgiza mai maki 6.2 ta kashe kusan mutum 10,000. Botsuwana ta ga mai maki 6.5 a Afrilun 2017, a cikin cikin faifan nan namu, Allah ya sa a dajin da ba kowa ta faɗo.

Lissafin makin ma yana yaudarar kunne. Kowane maki ɗaya da ya ƙaru, ƙarfin da ƙasa ta saki ya ninka kusan sau 32. Tsakanin 4.8 ta Tibati da 6.8 ta Maroko maki biyu ne a baki, amma ninki dubu ne a ƙarfi.

Akwai kuma hujjar da ke kwantar da hankali, kuma a ƙasarmu take. Wanda ya bi hanya daga Limani zuwa Yagwa zai ga wani dogon tudun yashi ya miƙe a cikin fili, ya taso tun daga Maiduguri da Bama, ya ƙetare Logon ta wajen Bongor. An daɗe ana gardama a kansa. Wasu masana sun ce gaɓar tsohon tafkin Cadi ce, lokacin da ya cika ya mamaye kusan murabba'in kilomita 350,000, wajen shekara 7,000 da suka wuce. Wasu suka ce a'a, miƙewarsa ta yi yawa, tsaga ce a ƙasa ta ɗago shi. Da aka samu ma'aunin tsayin ƙasa daga sararin samaniya a farkon shekarun 2000, sai aka ga tudun da 'yan'uwansa na sauran sassan kwarin duk suna kan tsayi kusan ɗaya, mita 320 zuwa 325 daga doron teku. Ruwa ne kaɗai ke shata layi haka. Gaɓar da ta zagaye ɗaruruwan kilomita, ta yi shekara dubbai ba ta karkace a fili ba, shaida ce cewa kwarin tafkin Cadi bai sha wani babban motsi ba a tsawon wannan lokaci. Ba ta hana wata ƙaramar tsaga motsawa a wani lungu ba, amma ta rage fargabar cewa Marwa ko Njamena suna zaune a kan irin abin da Turkiyya ke kai.

Yanzu arewa tana da masu wannan ilimi nata na kanta. Jami'ar Ngaundare tana da sashen kimiyyar ƙasa da makarantar koyon ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai a Maiganga, Jami'ar Marwa ta buɗe a 2008, ta Garwa a 2022, ta Njamena kuwa tun 1971 take. A ganina matsalar binciken da ake yi ba ƙarancin basira ba ce, kayan aiki ne ke juya akalarsa. Hoton tauraro kyauta ne a intanet. Bayanan nauyin ƙasa da masu binciken cibiyar Faransa ta ORSTOM suka tattara tun shekarun 1960 suna nan a ajiye. Da kwamfuta ɗaya ɗalibi zai iya fitar da taswira cike da layuka, ya ce ga tsagogin yankin kaza, kuma aikin yana da amfani wajen neman ruwa da ma'adinai, don rijiyar burtsatse a ƙasar dutse a kan tsaga take samun ruwa. Amma layi a allon kwamfuta yana iya zama tsaga, yana iya zama jijiyar dutse mai tauri, yana iya zama tsohuwar burtali. In ma tsagar ce, hoton bai faɗi yaushe ta motsa ba. Haƙa rami da auna shekarun gawayi kuwa kuɗi ne, gwajin galibi a ƙetare ake yi, ga rashin tsaro da ya rufe sassan Mandara da bakin tafki shekara da shekaru. Kuɗin bincike kuma inda mai da zinariya suke yake bi. Sakamakon haka taswirar tsagogi ta yi yawa, masu tarihin motsi a jikinsu kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ɗan jarida ya ga taswirar, ya rubuta cewa gari kaza yana kan tsaga, jama'a su firgita ko su yi dariya, duka biyun ba bisa hujja ba.

Sauraren ma haka. Mafi yawan ƙananan girgizar da ake kamawa a Kamaru a kewayen Dutsen Kamaru suke. Gaskiya ne can ɗin ya fi motsi, amma can ne kuma aka kafa na'urori tun shekarun 1980, da ofishin sa ido a Ekona. Girgiza mai maki 2 ko 3, wadda mutum da ƙyar zai ji, ita ce ke tona asirin tsaga mai rai, na'urar da ke nesa da ɗaruruwan kilomita kuwa ba ta jin ta. In taswira ta nuna arewa fari fat, wani ɓangare na farin shirun ƙasa ne, wani ɓangaren rashin kunne ne. Ko da wani ya ce ya ji ƙasa ta motsa da dare a ƙauyensu, ba a iya rarrabe ko tsaga ce ko nakiyar masu fasa dutse.

Tsagogi dai ba mu muka yi su ba, ba kuma za mu iya matsar da su ba. Ƙasar da muke gini a kai da irin ginin da muke yi, su ne a hannunmu, su ne kuma ke yanke yawan gawarwaki. Agadir ta Maroko a 1960 maki 5.8 ne kawai, amma mutum wajen 12,000 suka mutu, don girgizar ba ta da zurfi kuma a gindin garin ta faɗo. Bam ta Iran, garin tubali da rufin ƙasa mai nauyi irin soron da muka sani, ta rasa fiye da mutum 26,000 a Disamban 2003. Birnin Meziko a 1985 ya sha ɓarna daga girgizar da ta tashi a nisan fiye da kilomita 300, saboda an gina shi a kan lakar tsohon tafki, laka mai laushi kuwa ninka girgiza take yi ta kuma tsawaita ta. Njamena da Kusiri a mahaɗar Shari da Logon suke, a kan yashi da laka masu kaurin ɗaruruwan mita, ruwa kuma kusa yake da sama, musamman bayan damina. Yashin da ya ƙoshi da ruwa in aka girgiza shi da ƙarfi yakan saki, ya kasa riƙe harsashin gini. Unguwannin Garwa na bakin Binuwai da na Marwa da ke gaɓar mayo su ma ba ɗaya suke da waɗanda ke kan dutse ba.

Kada dai a ɗora wa girgizar ƙasa laifin da ba nata ba. Tsagewar bango da ta addabi gidaje a Marwa da Yagwa da Kusiri yawanci aikin karal ne, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa a kai. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga harsashi, da rani ta bushe ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, ginin ya zauna a karkace. Tsagar takan fara daga kusurwar taga ta hau a gicciye, ta buɗe a watan Maris, ta haɗe a Agusta. Amma bangon da karal ya riga ya raba gida biyu, ƙaramar girgiza ma ta ishe shi.

Ginin zamani kuwa bai fi na ƙasa aminci ba in an yi shi yadda ake yi yanzu. Je ka wurin da ake ɗora bene a kowane gari cikin waɗannan, za ka ji birkila yana cewa, "Alhaji, wannan ginshiƙi rodi huɗu ba za su ɗauke shi ba, a ƙara biyu," mai gida ya amsa, "Malam, ka san nawa rodi yake yanzu? Yi da abin da ke nan, Allah zai tsare." Buhun siminti da ya kamata ya ba da bulo talatin a ja shi har hamsin, ka murza gefen bulon da yatsa ya zube. Ƙasan benen a fasa bangaye a mai da shi shaguna, nauyin hawa biyu ya koma kan siraran ginshiƙai, irin ginin da ya fi kowanne saurin durƙushewa a Turkiyya ke nan. A Yulin 2023 wani bene ya rufta a Duwala ya kashe mutum wajen 40, cikin makon kuma wani ya faɗi a Ngaundare ya yi kisa, alhali ƙasa ko gezau ba ta yi ba. Gyaran kuma ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Shenaj, wato ɗamarar kankare da rodi da ke zagaye ginin a harsashi da saman tagogi, ita ce ke sa bangaye huɗu su tsaya tare. A ginin ƙasa, rage nauyin rufi da haɗa kusurwoyi da kyau suna yin irin wannan aiki. Abin da zai riƙe gida ranar girgiza shi ne ke riƙe shi a kan karal da lokacin ambaliya, waɗanda su kowace shekara suke zuwa.

Manyan ayyuka sun fi buƙatar amsa takamaimai. Madatsar Lagdo da aka gina daga 1977 zuwa 1982 a kudu da Garwa tana riƙe da ruwan da in an saki wani ɓangarensa ma Yola da Makurɗi da Lakwaja ke ji a jikinsu, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Madatsar Mbakawu tana kan kogin Jerem, a yankin Tibati. Ta Maga kuwa ganuwar ƙasa ce mai tsawon kilomita 27, an yi ta a 1979, ruwa kaɗai ma yana ba ta wahala. Akwai abin da aka sani cewa nauyin ruwan babbar madatsa da matsinsa a cikin tsagogi yana iya tayar da girgiza, kamar yadda ya faru a Koyna ta Indiya a 1967. An fi ganin haka a madatsun da zurfinsu ya kai mita 100, Lagdo kuwa tsayinta wajen mita 40 ne, ta kuma haura shekara arba'in a cike, don haka ba nan fargabar take ba. Tambayar ita ce wane irin girgiza tsohuwar madatsa za ta iya jurewa, amsar kuma tana hannun wanda ya san tsagogin da ke kewaye da ita da lokacin da kowacce ta motsa.

Wani sashe na aikin ba ya jiran tallafin ƙetare. Kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa a Njamena ko Garwa ko Marwa, mai haƙar ya ga abin da ya fito, mita nawa yashi, mita nawa laka, a ina aka taɓa ruwa, a ina aka taɓa dutse. Bayanan suna warwatse a ofisoshin ruwa da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, wasu kuma a kan tsofaffin maginan rijiya kawai suke. In ɗalibai suka tattara su unguwa unguwa, suka haɗa da awon ƙaramar na'urar da ake ajiyewa a ƙasa na rabin awa ta saurari rawar da ƙasa ke yi da kanta, za a fitar da taswirar da ke nuna inda ƙasa ke da tauri da inda take da laushi a kowane gari. Hotunan radar na tauraron Sentinel, waɗanda ake samu kyauta tun 2014, suna nuna inda ƙasa ke nutsewa ko ɗagawa da 'yan milimita. Na'urorin sauraro na dindindin a harabar jami'o'in Ngaundare da Garwa da Marwa da Njamena, da hasken rana da wanda zai riƙa duba su, cikin shekara goma za su nuna wace tsaga ke motsi. Ofishin magajin gari da ke ba da izinin gini shi ne zai fara amfana, don zai samu dalilin ce wa mai bene hawa huɗu a bakin kogi ya zurfafa harsashi ko ya rage hawa.